An Kai Inna Barira Kallon Dala

Shafi na 12

"Zubairu, sato mu ka yi daga gida. Ba yawon Sallah ka kawo mu ba."

Inna Barira ce ta faɗa, tana tsaye a tsakiyar marinar Ƙofar Mata, hannu ɗaya a ƙugu, ɗayan tana nuna mijin 'yarta da shi kamar za ta tsokane masa ido.

Tsohon da ke tsoma zane a rijiyar rini ya tsaya cak, ruwan baba na ɗiga daga gwiwar hannunsa. 'Yan matan da suka zo ɗaukar hoto suka sauke wayoyinsu. Hatta masu bugun zane da ke can cikin rumfa sai da hannunsu ya yi sanyi.

Zubairu ya yi murmushin yaƙe.

"Inna, sata kuma? Subhanallahi."

"Na ce sata. In akwai sunan da ya fi wannan muni, faɗa mini in kira shi."

Fadima, 'yarta, matar Zubairun, ta kamo gefen mayafinta.

"Inna don Allah, mutane fa suna kallonmu. Surukinki ne."

"Sake ni. Tun da aka ɗaura aurenku ban taɓa ɗaga ido na kalle shi ba. Yau na kalle shi. Ki san ba a banza ba ne."

Mairo, maƙwabciyar Inna Barira wadda gonakinsu suka haɗa iyaka, ta taso daga kan benci tana goge man tsire a bakinta.

"Haba Barira. Wane irin ɓarawo ne zai sato ki ya saya miki tsire da lemo mai sanyi? In haka sata take, ni a riƙa sato ni duk Juma'a."

"Ke dai ci. Cikin nan naki shi zai kai ki ya baro."

Inna Barira ta juya kan Zubairu.

"Amsa mini abu ɗaya. Yawon Sallah na su wane ne? Na yara ko na tsofaffi?"

"Ai... na kowa ne, Inna."

"Ƙarya kake. Da safe jikokina sun sha kwalliya, sun cika ƙofar gida suna kuka a tafi da su. Ka ce babu wuri. Ga mota can, kujerun can ƙarshe babu kowa a kai sai iska. Ka bar masu ƙafa, ka kwaso mu mu uku masu ciwon gwiwa, wai mu hau dutse."

Zubairu ya sunkuyar da kai.

Haka kuwa aka yi. Da hantsi ya iso ƙauyensu, Tudun Gamji, can bayan Ungogo, da motar hayar da yake ja. Ya durƙusa har ƙasa ya ce hutun babbar Sallah ne, babu aiki, zai kai iyaye su ga kayan tarihin birni. Wai abin kunya ne mutum ya tsufa a gefen Kano bai taɓa hawa Dala ba. Inna Barira ta ce ba ta zuwa, geronta na jiran maimai. Ita birni ba ta san shi ba sai ta hanyar asibiti da gaisuwar mutuwa, kuma hakan ya ishe ta. Ya nace. Fadima ta sa baki. Mairo kuwa kafin a gama magana ta ɗauro sabon ɗankwali. Aka biya aka ɗauki Baba Ɗan Iya, yayan Inna Barira, da sandarsa da tarinsa.

Sun hau Dala da kyar. A tsaya a huta, a tashi, a sake tsayawa. Da suka kai sama iska ta buge su, gari ya shimfiɗu a ƙasa, rufin kwano iya ganin ido, hasumiyoyin masallatai suna leƙowa ta ko'ina. Mairo ta yi ta salati tana cewa a ɗauke ta hoto ta nan, a ɗauke ta ta can. Ita kanta Inna Barira abin ya burge ta. Har ta juya arewa ta kare ido da hannu, wai ko za ta hango gida.

A nan ne Baba Ɗan Iya ya zube a kan dutse yana haki, ya yi dariya ya ce, "Kun san wani abu? Yau in motar nan ta kife da mu uku, babu sauran wanda ya san iyakar gonar Barira a duniya."

Wasa ya yi. Kowa ya yi dariya.

Ban da Zubairu.

Inna Barira ta ga yadda fuskarsa ta canza. Ta ga ya dafe aljihu, ya zaro waya, ya sauka can gefe yana magana ƙasa-ƙasa, hannu a bakinsa. Tun daga nan ta sa masa ido.

Da suka sauko ta ce a mai da ita gida. Ya ce saura wuri ɗaya. Ya kai su Gidan Makama, ya tsaya gaban kowace tsohuwar ƙofa da kowane takobi yana karanta musu abin da aka rubuta, a hankali, kamar mai biya wa yaro allo. Suka yi azahar a can. Ta ce gida. Ya ce saura wuri ɗaya, ba su ga badala ba. Suka ga badala. Ta ce gida. Ya ce ai ba a zuwa birni a tafi ba a ga marina ba.

Shi ne ga su a marinar.

"Ni ban yi boko ba," in ji Inna Barira, "amma ba a haife ni jiya ba. Gonar nan gadon ubana ce. Ba ni da takarda. Takardata ita ce Yaya Ɗan Iya, da ya taka iyakar da ƙafarsa ranar rabo, da Mairo, da muka haɗa gambar iyaka. Mu ukun nan ka zaɓa. A duk Tudun Gamji ba ka ga wanda ya cancanci ganin dutse ba sai mu?"

"Inna, wallahi girmamawa ce."

"Girmamawa? Gabas da ni an sayar an yanka filaye. Kudu da ni katangar bulo ce. Dillalai sun zo mini kafin damina da farar mota, na kore su da fartanya. Kai kana wurin, har ka ce in yi haƙuri. Yau ka zo da girmamawa."

Wayar ta sake ruri a aljihun sabuwar shaddarsa.

Bai taɓa ta ba.

"Ɗauka mana," in ji Inna Barira. "Tun Dala take kuka kamar jaririn da uwarsa ta tafi rafi. Ɗauka a gabana."

"Fasinja ne, Inna."

"To ka gaya wa fasinjan kana tare da surukarka."

Ya tsaya. Fadima ta dube shi, ta dubi uwarta. Sai kawai ta cusa hannu a aljihunsa ta zaro wayar.

"Fadima, ba ni!"

Ta ja baya. Ta kalli fuskar wayar. Bakinta ya buɗe bai rufe ba.

"Karanta mini," in ji Inna Barira. "Wane ne?"

"Inna..."

"Na ce wane ne?"

"Yaya Kamaruddeen ne."

Ɗan Inna Barira na fari ke nan, mai shagon waya a birni. Shi ne wanda ya aiko da naman layya a leda, ya ce ba zai samu zuwa ba bana, zai yi Sallah a Kaduna wurin dangin matarsa.

"Yaron nan ba ya Kaduna?"

Ta nuna wa Fadima wayar da baki.

"Buɗe muryar kowa ya ji. Kai kuma ka yi tari ka ga abin da zan yi maka."

Fadima ta danna.

Murya ta fito, ƙasa-ƙasa, da sauri, irin ta mai gudun kada na kusa da shi ya ji.

"Zubairu, kana jina? Kada ka kuskura ka taso yanzu. Katafilar ce ta ɓata mana lokaci, sai ɗazu ta kama aiki. In kun gama da marina ka zaga da su kasuwar Kurmi, ka sa tsohuwa ta zaɓi atamfa, ta yi ta zaɓe. Sai bayan magariba za ka dawo da su. Ka ji? Zubairu? Me ya sa ka yi shiru?"

A bayan muryar wani gurnani ke tashi, na inji mai nauyi, yana ja yana tsayawa.

Inna Barira ta kai bakinta daf da wayar.

"Ba na son atamfa."

Ƙit. Aka kashe.

Mairo ta saki ledar tsire ta faɗi ƙasa. Tsohon mai rini ya ce, "Innalillahi," ya saki zanen ya nutse cikin rijiya.

Zubairu ya zube a kan gwiwoyinsa, bai ko duba ba, farar shaddar ta sha ruwan baba.

"Inna ki yafe ni. Na rantse da Allah ce mini ya yi rufin ɗakinki zai canza. Ya ce yana yoyo, ya ce in kina gida ba za ki bari ba, in fitar da ke ki dawo ki tarar da sabon kwano."

"Da katafila ake rufin ɗaki a garinku?"

"Ban san da ita ba. Sai a kan Dala na fara jin ƙarar inji a waya."

"To Yaya Ɗan Iya da Mairo fa? Su ma ɗakinsu ke yoyo?"

"Cewa ya yi in haɗa da su don su ɗebe miki kewa."

"Ka ji ƙarar inji a Dala. Ka sauko. Ka kai ni Gidan Makama ka tsaya kana karanta mini tarihin ƙofar mutanen da suka mutu, ana can ana tone gonata."

"Tsoro na ji, Inna. Shi ya tsaya mini aka ba ni motar nan. Na ce ko zato ne kawai nake..."

"Kai dai an yi ragon namiji."

Fadima ta fashe da kuka. "Zubairu, ni ma ka sa na lallashe ta da bakina. Da bakina!"

Baba Ɗan Iya ya buga sandarsa a ƙasa.

"Ku bar surutun nan. Kai, tashi ka tayar da mota. Barira, ji nan. Gero in an take shi wata damina za ta zo. Gamba in an tuge ta ana iya gane saiwa. Ɗorawa ce abin ji. Ɗorawar nan ta kusurwa, daga gindinta na fara takawa ranar rabo. In tana tsaye ina da abin da zan nuna wa alƙali. In ta faɗi, aka share wurin, ni ma sai in tsaya ina lalube kamar baƙo."

Inna Barira ba ta jira ƙarshen maganar ba. Ta riga kowa isa mota.

Jama'a, wanda bai taɓa bin titin Kano cikin Sallah yana sauri ba, bai san tashin hankali ba. Ko'ina a cushe. A Daidaita Sahu cike da yara, kowa da tabarau da sabon takalmi, ana busa usur, ana leƙowa ana ihu. Mota ta matsa taku kaɗan ta tsaya. Ta matsa ta tsaya.

Inna Barira na gaba, ta dafe gaban motar da hannu biyu kamar ita ke tura ta.

"Bi ta can."

"Babu hanya, Inna."

"Ga wancan ya wuce."

"Mai babur ne."

"To sauke ni in hau babur."

"Inna ki yi haƙuri, gwiwarki..."

"Gwiwar da ka hau da ita Dala? Yanzu ka san tana ciwo?"

Ta juyo baya. "Fadima, kira mini mai unguwa."

Fadima ta kira. "A kashe take."

"Kira liman."

Ta yi ta ruri har ta katse. Aka sake. Matarsa ta ɗauka, ta ce Malam ya tafi Ɗambatta ɗaurin aure, ya manta wayar a jakarta, ita ma tana gidansu.

"Mairo, ɗanki fa?"

"Ya kai iyalinsa Bagwai tun jiya."

Inna Barira ta girgiza kai. "Kamaruddeen ya iya zaɓen rana. Gari babu kowa sai awaki da makafi. Ni na haife shi, amma ban san ya kai nan ba."

Sai a lokacin abin ya faɗo wa Mairo. Ta dafe ƙirji.

"Barira! Gambar yamma ai tamu ce mu biyu. In suka share ta, ina tawa gonar ta tsaya?"

"Au, sai yanzu tsiren ya sauka?"

"Wayyo ni Mairo. Gyaɗata ta fara fure!"

"Yi hoto da ita in mun je."

Mairo ta rushe da kuka. Inna Barira ta miƙa hannu baya ba tare da ta waiwaya ba, ta kamo nata ta riƙe gam. Ba ta sake ba har suka wuce Kurna.

Fadima ta yi ta kiran wayar yayanta. Farko tana shiga ba a ɗauka. Daga baya aka kashe ta gaba ɗaya.

"Ƙila ya ji tsoro ya tsayar da su," in ji ta. "Tunda ya ji muryarki, Inna, ƙila ya ce su bari."

"Ko ya ce su yi sauri," in ji Baba Ɗan Iya.

Zubairu ya ƙara wuta.

Inna Barira ta rufe ido. Geron take gani. Ya kai gwiwa, ya yi baƙi ƙirin don kyau, irin da ta ajiye da hannunta a rumbu tun bara, ta hana kaji, ta hana kanta. A gonar nan ta aurar da Fadima. A gonar nan ta biya wa shi Kamaruddeen ɗin makaranta, shekarar da ubansu ya kwanta ciwo. Sau nawa ya zo ya zauna a bakin ɗakinta yana cewa, "Inna, gari ya iso ki, noma ya ƙare a nan, ki saki ki huta"? Ita kuma ta ce masa ranar da aka ɗauki gawarta ya yi yadda ya ga dama, amma ba kafin nan ba. Ta ɗauka ya ji.

Aka kira la'asar suna Bachirawa.

"Mu tsaya mu ba da farali," in ji Baba Ɗan Iya a hankali.

"Yaya, da sauran lokaci. Allah na gani. A gonata zan yi, in na tarar da wurin sa goshi."

Hadari ya fara haɗowa daga gabas, baƙi, yana tafe a hankali. Inna Barira ta ɗaga kai ta dube shi ta tagar mota. Kwana da kwanaki tana roƙon ruwa saboda gero. Yau ma ta roƙa, amma ba don gero ba.

"Ya Allah ka sauko da shi yanzu. Ka sauko da shi da ƙarfi, ƙasa ta yi laka, ƙarfen nan ya kafe."

Ko ɗigo bai sauka ba.

Da suka bar kwalta suka kama hanyar ƙasa, Zubairu ya taka mota iya ƙarfinta. Baba Ɗan Iya na buguwa da ƙofa bai ce a rage ba. Suka wuce sababbin gidajen da ba a gama ba, suka wuce tarin yashi da bulo, suka wuce tsohuwar rijiyar gari.

Tun kafin su ga komai suka ji shi.

Gurnanin nan na cikin waya. Yanzu a fili.

"Tana nan?" in ji Baba Ɗan Iya, yana miƙa wuya. Idonsa ba ya gani nesa. "Fadima, duba mini. Ɗorawa tana nan?"

Motar ta karya kwanar katangar bulo.

"Tana nan, Kawu! Tana tsaye!"

Tana tsaye, amma ita kaɗai. Gambar yamma babu ita, an ture ta an tara gefe kamar shara. Fiye da rabin geron ya koma jar ƙasa, sumul, sai sawun ƙarfe layi-layi. Wasu samari suna jan igiya suna kafa turakun siminti. Katafilar kuwa ta juyo, ta sauke bakinta ƙasa, ta miƙe sak wajen ɗorawar.

Inna Barira ta buɗe ƙofa mota ba ta gama tsayawa ba.

"Inna!"

Ta dira. Takalmi ɗaya ya fita, ba ta waiwaye shi ba. Matar da ɗazu sai an riƙe ta take ɗaga ƙafa a Dala, ga ta tana gudu a kan ƙasar da aka tone, mayafi na jan ƙasa, tana faɗuwa da hannu tana tashi. Ta yanke ta gaban injin. Ta isa gindin ɗorawar, ta juya, ta jingina bayanta da ita, ta buɗe hannuwa.

Direban ya taka burki. Bakin ƙarfen ya tsaya, ƙasar da ya turo ta zubo har kan ƙafafunta.

"Ke! Ke tsohuwa! Kina hauka ne?" Ya leƙo yana zare ido.

"Kashe shi."

"Matsa mana!"

"Na ce kashe shi, ko ka bi ta kaina. Zaɓi ɗaya."

Ya kashe. Wurin ya yi shiru har ana jin kukan Mairo daga bakin hanya.

Wani dattijo ya taso daga inuwar wata farar mota, da babbar riga, da carbi a hannu. Ba shi da kamar mugu. Tafiyarsa ma a natse take, yana ɗaga riga kada ta sha ƙasa. Samarin suka buɗa masa hanya suna cewa, "Alhaji Uwais, a hankali."

"Baiwar Allah, lafiya? Ki matsa kada inji ya ji miki ciwo. In itacen girki kike so, bari a kayar, sai a sara miki."

"Gonar wa kake takawa?"

"Filina ne, Inna. Gidajen haya zan gina."

"Wa ya ba ka?"

"Saya na yi. A hannun magaji, da shaidu, komai a fili. Ni ba na cin haram."

"Magajin wa?"

Alhaji Uwais ya dube ta da tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda tsufa ya taɓa.

"Ke 'yar garin nan ce? To ai za ki san ta. Marigayiya Barira. Allah ya jiƙanta, an ce mace ce mai ƙoƙari. Tun kafin azumi ta rasu. Ni da kaina na je shagon ɗanta na yi masa ta'aziyya, har kuka ya yi a gabana."

Fadima da ta iso tana haki ta tsaya kamar an dasa ta. Zubairu ya ɗora hannu biyu a ka. Baba Ɗan Iya ya ƙaraso yana dogara sanda, ya ce, "Me ya ce? Wa ya rasu?"

Inna Barira ta dubi hannuwanta. Ta juya su, ciki da baya. Duk ƙasa ce.

"Tun kafin azumi," ta ce.

"Haka ya gaya mini."

"Ashe ni na yi azumi a kabari ban sani ba."

Carbin Alhaji Uwais ya tsaya a tsakanin yatsunsa.

"Ban gane ba. Ke ce wa?"

"Ni ce marigayiyar."

Ya ja da baya taku ɗaya. Ya dubi Fadima, ya dubi Baba Ɗan Iya, ya dubi samarinsa. Sannan a hankali ya juya wajen farar motar.

Kowa ya juya tare da shi.

Ta ƙarƙashin motar ana hango ƙafafu biyu, cikin sabon takalmin Sallah, a tsugune a ɗaya gefen.

Inna Barira ba ta saki ɗorawar ba. Daga nan ta ɗaga murya, har samarin da ke riƙe da igiya suka sake ta.

"Kamaruddeen! Na ga ƙafarka. Taso."

Ƙafafun ba su motsa ba.

"Taso ka zo gaban Alhaji da kawunka da ƙanwarka. Ka faɗa musu ciwon da ya kashe ni. Ka faɗi matar da ta yi mini wanka, da limamin da ya sallace ni. Sannan ka wuce gaba mu bi ka, ka nuna mini kabarina in gani. Wallahi babu mai barin gonar nan, ba kai ba, ba Alhaji ba, ba mai injin nan ba, sai ka buɗe baki ka amsa mini. A ina ka binne ni?"